Yayana zai bar aikin gwamnatin tarayyar Najeriya yana da shekara 47: nawa zai samu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, ina harkar wake da aya. Ina da wa, uwarmu ɗaya amma shi mahaifinsa mutumin Jibiya ne, yana aiki da wata ma'aikatar gwamnatin tarayyar Najeriya a Katsina tun 2001. Shekarunsa 47. Albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, yana son ya ajiye aikin ya dawo mu haɗa jari. Ya ce akwai kusan naira miliyan 9 a asusun fanshonsa. Za a ba shi duka? In ba za a ba shi ba, nawa zai samu a hannu, nawa kuma a wata? Har mun yi magana da wani mai sito a kan haya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ƙara muku zumunci. Kafin komai, koma wurin mai siton nan ka ce ya dakata, kada ka ba shi ko dala da sunan kuɗin yayanka. Miliyan 9 ɗin tasa ce, babu mai ƙwace masa ita. Amma in ya fita yau yana da shekara 47, abin da zai iya taɓawa kashi ɗaya ne bisa huɗu, shi ma sai bayan wata huɗu. Fansho na wata-wata kuwa, ba zai ga ko kwabo ba sai ya cika 50.

Na san inda kuka samo tunanin. Mu nan Nijar mun saba da tsarin da ake duba shekarun da mutum ya yi yana aiki da matakin albashinsa, a yanka masa abin da zai riƙa karɓa. Najeriya ma haka take a da, sai a 2004 ta sauya, ta kuma sake gyara dokar a 2014. Yanzu kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa da ake kira RSA. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wato ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, gwamnati ta ɗora kashi 10, a zuba a asusun. Kafin 2014 kowane ɓangare kashi 7.5 yake bayarwa. Wani kamfani mai lasisi, wanda ake ce wa PFA, shi ke juya kuɗin, hukumar PenCom da ke Abuja tana sa ido. To ka ga fanshon yayanka ba alkawarin gwamnati ba ne na biyan kaza a wata. Rumbu ne: abin da aka zuba, da abin da ya haifa, shi za a ci. Sojoji da jami'an tsaron farin kaya suna cikin waɗanda aka fitar daga wannan tsari, amma tunda ya ce yana da asusu, yana ciki.

Dokar ta ce ana buɗe rumbun ne in mutum ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya a cikin biyun. Wanda ya bar aiki kafin 50, ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, an yarje masa ya nemi abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Sauran ya kwanta sai 50. Akwai rangwame ga wanda likitoci suka tabbatar rashin lafiya ko naƙasa ta hana shi aiki, amma wannan ba zancen yayanka ba ne, Allah ya ƙara masa lafiya.

Yanzu ɗauko takarda da biro mu yi lissafi. Ba ka faɗi albashinsa ba, don haka zan ɗauka wanda ake cire fansho a kai naira 200,000 ne a wata, kuma kuɗin asusun yana haifar kashi 10 cikin 100 a shekara. Duka biyun misali ne na kafa don mu sami abin aunawa. Ku sa na gaskiya a gurbinsu.

In ya fita yanzu: kashi ɗaya bisa huɗu na miliyan 9 shi ne naira 2,250,000. Wannan ne jarin da zai zo da shi Maraɗi, ba miliyan 9 ba. Saura 6,750,000 za su zauna shekara uku babu mai ƙara musu komai sai ribarsu, su kai kusan miliyan 9 ranar da ya cika 50. Kada ku sa wani dunƙulallen kuɗi a lissafinku a wannan ranar, domin wanda ya karɓa tun farko daga rumbun nan ya fito.

In ya daure zuwa 50: miliyan 9 ɗin gaba ɗaya za ta kai kusan miliyan 12. Ga kuma naira 36,000 da ke shiga kowane wata, wato 432,000 a shekara, wanda a shekara uku da ribarsa zai kai kusan miliyan 1.4. Jimla kusan miliyan 13.4. In aka ba shi kashi ɗaya bisa huɗu a dunƙule, ya tashi da kusan naira 3,350,000, a bar kimanin miliyan 10 don biyan wata-wata. Na ce "in aka ba shi" ne saboda ba shi ke yanke adadin ba. Akwai ma'aunin da PenCom ta ba kamfanonin, yana duba shekarun mutum, namiji ne ko mace, albashinsa na ƙarshe da abin da ke asusun. Ana fara neman a ga abin da za a bari zai iya biyansa rabin albashinsa na ƙarshe, shi ya sa ma'aikacin da asusunsa bai yi kauri ba da wuya ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu.

To nawa ne a wata? Ga hanyar da nake bi in yi wa mutum ƙiyasi a zaune. In kuɗin zai ɗauki shekara 28 ana ci, yana haifar kashi 8 cikin 100, kowace miliyan ɗaya tana ba da kusan naira 7,500 a wata. In shekara 18 zai ɗauka, kamar na wanda ya fita da tsufansa, miliyan ɗaya tana ba da kusan 8,900. Ka ga illar fita da wuri sau biyu ce: rumbun bai cika ba, kuma bakin da zai ci ya fi daɗewa yana ci. Da wannan awo, in ya fita yanzu zai fara karɓar kusan naira 67,000 a wata bayan shekara uku. In ya jira zuwa 50, kusan 75,000, kuma daga lokacin da aka gama masa takardu.

Ka lura tazarar da ke tsakanin 67,000 da 75,000 ba ta da yawa. Ba nan ciwon yake ba. Ciwon shi ne wata 36 da zai yi babu albashi, babu fansho. Albashin 200,000 sau 36 ya haura naira miliyan 7. Zai bar wannan don ya karɓi miliyan 2 da dubu 250. Kuma mai iyali ne. Wata huɗun farko ma ba abin da zai shigo, bayan su ga jiran amincewa. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin cewa jarin da ake cin tuwo a ciki tun kafin ya juya ba ya kai kaka biyu. Wake da aya kuwa kaya ne na saye da kaka a ajiye a jira farashi, wanda ba shi da abin cefane ba zai iya jira ba, dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin yayanka ba don wauta yake son fita ba. A tsakiyar 2023 dala ɗaya ta Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. Kuɗin da ke haifar kashi 10 a irin wannan shekara, adadinsa na ƙaruwa amma abin da yake saye na raguwa. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane yuro ɗaya. Fanshon nan da naira za a biya shi, a bankin Najeriya, shi kuma da sefa zai sayi hatsi a Maraɗi. Don haka duk adadin da muka fitar a sama, ka kai wa ɗan canji a kasuwa ko a Ɗan Isa ya faɗa maka jikka nawa ne yau, sannan ka rage wani abu don gobe. Ku tuna kuma an rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. Wanda abincinsa ke tsallako iyaka dole ya yi tanadin irin waɗannan watanni.

Wannan dalili na faɗuwar naira yana sa ni ban ce lalle ya zauna har ƙarshe ba. Ƙa'idar ritayar dole ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Tunda a 2001 ya fara, a 2036 zai cika 35, yana da shekara 58. In malamin makaranta ne, dokar 2022 ta kai tasu zuwa 65 ko shekara 40 na aiki. Shekara goma sha ɗaya tafiya ce mai nisa ga wanda ransa ya fita daga aiki. Amma shekara uku ba ta da nisa, kuma ita ce ke raba fita da fansho da fita hannu rabbana. Shawarata ya kai 50. A cikin shekarun nan uku ya riƙa sa ɗan abin da ya samu a hannunka kowace kaka, buhu biyar, buhu goma, ku rubuta, ku ga abin da kasuwar ke bayarwa da gaske kafin ya jingina rayuwar iyalinsa da ita. Maraɗi da Katsina ba nisa, ranar hutu zai iya zuwa ya ga kayansa da idonsa.

Akwai wani kuɗi da wataƙila bai sa a lissafi ba. Wanda ya fara aiki kafin ƙarshen Yunin 2004 yana bin gwamnatin tarayya haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Nasa na shekara uku ne a ƙaramin mataki, ba zai yi yawa ba, amma haƙƙinsa ne. Ba ya cikin miliyan 9 ɗin da yake gani, sai ya bar aiki an tantance shi ake zubawa a asusun. An sha samun jinkiri wajen biyan wannan kuɗi, masu ritaya da dama sun yi watanni, wasu fiye da shekara, suna jira. PenCom tana yin rajistar masu shirin ritaya tun shekarar da ta gabaci fitarsu, kada ya bari ta wuce shi.

Sai zancen takardu, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Ba na manta wani dattijo da na taɓa zama da shi, ya zaro takardunsa daga cikin baƙar leda, duk sun yi laushi don ninkewa. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce shekara kaza aka haife shi, katin ɗan ƙasa ya ce wata shekarar, tazarar shekara biyu. A wata takardar an rubuta sunan mahaifinsa, a wata sunan garinsu. Kuɗinsa na nan, yana ganin adadin a wayarsa, yana nuna mini da yatsa, amma ya yi ta zirga-zirga watanni kafin a daidaita. Ka gaya wa yayanka tun yanzu ya jera takardar ɗaukar aiki, takardun ƙarin girma, takardar albashin Yunin 2004 in yana da ita, da lambarsa ta katin ɗan ƙasa, wato NIN, ya tabbatar suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce a ko'ina, har a bankinsa. Ya nemi cikakken bayanin asusunsa daga kamfanin, ya bi wata-wata ya ga ko akwai watan da aka cire a albashi amma bai shiga ba. In akwai, yanzu da yake cikin ofis ya fi sauƙin bi. Ranar da zai fita kuma ya fita ta ƙofa: ya ba da sanarwar wata uku a rubuce, ya karɓi takardar amincewa da ritayarsa. Wanda ya daina zuwa aiki kawai, kora ce ke biyo baya, kuma babu kamfanin da zai saurare shi babu takarda.

In ya kai 50 za a ba shi zaɓi biyu. Ko kamfanin ya ci gaba da riƙe kuɗin yana biyansa wata-wata, in ya rasu abin da ya rage ya koma ga magada. Ko a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya shi muddin ransa, amma in ya rasu bayan shekara goma na farko magada ba su da komai. Ana iya tashi daga na farko a koma na biyu, ba a dawowa. Mai shekara 50 da ƙananan yara, ni na fi karkata ya fara da na farko. In kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, tun 2021 akwai wani rukunin asusun fansho, ana ce masa na shida, da ake juya shi bisa tsarin Musulunci, yana iya neman a mayar da shi can tun yanzu.

Ka ce masa ya turo adadin da ke asusun daidai, da albashin da ake cire fansho a kai, da watan da zai cika 50, in sake muku lissafin da lambobinsa na gaskiya. Ka gaishe shi da iyali.