Wane littafin hotunan dabbobi ya dace da ɗan shekara 2?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki shekararsa 2, kina so ki saya masa littafin dabbobi amma duk wanda kika kawo sai ya yayyaga shi.

Yagawar nan ba ɓarna ba ce, shekarunsa ne. Ki nemi mai shafin kwali mai kauri, dabba ɗaya babba a kowane shafi, kala ta fito sosai. Masu cunkoson hotuna rikita yaro kawai suke yi.

Ni dai a ganina ki fara da dabbobin da yake gani a unguwa, akuya, kaza, jaki, mage, don in kika nuna masa akuya kika ce meee, da yamma kuma ya ga ta maƙwabta ta wuce, za ki ga yadda zai dinga tsalle yana nuna ta da yatsa. Zaki da giwa da raƙumin dawa su biyo baya. Ko da Turanci aka rubuta ba komai, ki faɗa masa sunan da Hausa.

Kar ki mai da abin jarrabawa, minti 5 ma ya isa, in shafi ɗaya yake so kullum ki ƙyale shi. Littattafai masu fitar da kukan dabba kuma ki kula da ɗan batirinsu, in yaro ya haɗiye shi asibiti za a tafi nan take. In kin lura ba ya waiwayowa in an kira shi, ko har yanzu bai fara furta kalma ba, ko yana manna littafin a fuska, ki kai shi wurin likitan yara a duba jinsa da ganinsa.