Abbansu ya sayo tanti wai za mu kwana a daji da yara

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. A Jos muke, yaranmu uku, babban shekara 8, mai bi masa 5, sai auta da ba ta cika 2 ba. Abbansu ya sayo tanti wai hutun Disamban nan za mu je daji daga Juma'a zuwa Lahadi, yaran tun da suka ji labari sun hana kowa sakat don murna, ni kuwa wallahi gabana faɗuwa yake. In yarda ne ko in ce a'a?
Maman yara uku, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ce masa a'a, uban da ya yi tunanin fitar da yaransa su ga bishiya da dutse maimakon su wuni a kan waya ai abin a yaba masa ne. Amma kwana biyu ya yi yawa a karon farko da yarinyar da ba ta kai shekara 2 ba, ki lallaɓa shi a mai da shi kwana ɗaya, kuma kafin nan ku kafa tantin a tsakar gida ku kwana ciki ko sau ɗaya, a nan za ki ga wanda zai farka ƙarfe biyun dare yana kuka a mai da shi ɗaki.

Batun wuri kuma ba wasa, kin san halin da ake ciki na tsaro, kar ku kwana a dajin da ba masu gadi, ba shinge, ba netwok. Gidan namun daji na Wildlife Park na nan cikin gari tun 1972, ga dajin Amurum a Laminga, kamar kilomita 15 daga Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take. Abbansu ya je da ƙafarsa tun kafin ranar ya tambayi masu kula da wurin ko suna bari a kafa tanti da kuma wa ke gadi da dare. In ba a samu yadda hankali zai kwanta ba, toh ku yi wuni, ku dawo gida kafin magariba, yaran ba su yi asarar komai ba.

Abin da ya fi damuna a tafiyar nan taku shi ne sanyi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, a Disamba da Janairu dare kan sauka har ƙasa da digiri 10, kuma sanyin waje ba irin na ɗaki ba ne, ta ƙasa yake shigowa, sai ki ga kin lafta wa yaro bargo uku amma bayansa kamar ƙanƙara. Ki fara shimfiɗa leda mai kauri, sai tabarma, sai katifa, sannan bargo. Kowane yaro da hular sanyi da safa da suwaita, auta kuma a jikinki za ta kwana. Na taɓa kwana waje da nawa a irin wannan lokacin, da asuba ɗana ya leƙo daga tanti leɓensa duk ya tsage yana hura iska yana ce min Mama kalli hayaƙi na fita daga bakina, har yau yana ba da labarin, amma tun ranar ba na tafiya ba man kaɗanya a jaka.

Dan Allah ƙanwata, komai tsananin sanyi kar ku shigar da garwashin gawayi ko risho cikin tanti ku zuge zif. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa, kuma yara ƙanana ta fi saurin kayarwa. Wuta a waje, nesa da tanti da busasshiyar ciyawa don iskar hunturu ba ta da wuyar kwasar tartsatsi, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta.

Ki ja musu kunne kada su tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, takalmi kuma sau ciki, da safe a kakkaɓe shi saboda kunama. In maciji ya sari wani, Allah ya kiyaye, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da ƙarfi, a hana wurin motsi a wuce asibiti kai tsaye, don dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, allurar asibiti ce maganinsa. Sai kududdufan da haƙar kuza ta bari birjik a Filato, ruwan a kwance kamar ba komai amma zurfi ne da shi tun daga baki, kar yaro ya matsa kusa.

Abinci kar ki wahalar da kanki, dambun nama, burodi, dafaffen ƙwai, Indomie, shayi a fulas. Ruwan sha ki ɗauka daga gida fiye da yadda kike zato, da gishirin ORS, farasitamol na yara, gidan sauro, tocila biyu da pawa bank. Mota a cike da mai, a juya kanta tana kallon hanyar fita, kuma ku faɗa wa wani ɗan'uwa inda kuke da lokacin da za ku dawo. In kun dawo ki rubuto min in ji yadda auta ta kwana.