Amsa ga ɗan'uwan da harshensa ke yin fari da safe

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kullum kana tashi da farin harshe da ɗan warin baki, har wasu sun ce maka taifot ne. Ba a gane taifot da kallon harshe kawai, don haka kada ka sayi magani a kasuwa saboda wannan magana.

Harshen mai lafiya yana da ɗan ja-ja da danshi, kuma ɗan farin da ke kwanciya a bayansa da safe yawanci ragowar abinci ne da ƙwayoyin cuta, saboda yawu yana raguwa lokacin barci. A nan Maraɗi abin yakan ƙaru da bazara, da lokacin hunturu idan hanci ya toshe mutum yana numfashi ta baki, da kuma watan azumi. Ni dai abin da nake yi shekara da shekaru shi ne, bayan na goge haƙora, sai in bi harshen da aswaki mai laushi ko buroshi daga ciki zuwa waje sau uku, a hankali, in kurkure. Gawayi da toka da kanwa kuwa ƙuje harshe suke yi. Kuma kada ka duba madubi bayan ka ci goro, domin rininsa zai ruɗe ka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne harshen da ya koɗe. Bayan haihuwarta ta uku, harshen maiɗakina ya yi fari fat, ya yi sumul kamar an goge shi, yaji kaɗan sai ta ji raɗaɗi, ga jiri idan ta miƙe. Muka ɗauka gajiyar jego ce, ashe ƙarancin jini ne, kamar yadda awon asibiti ya nuna. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini, aka haɗa mata da hanta da wake da zogale, sannan launin ya dawo.

Farin da yake guda-guda kamar kindirmo, wanda idan aka share sai wurin ya yi ja, shi kuma ciwon naman gwari ne, wato wata ƙwayar cuta dangin funfuna ce ke kawo shi, kuma an fi ganinsa ga jarirai da masu ciwon sukari.

Ka gwada goge harshe da yawan shan ruwa har mako 2. Idan farin bai gushe ba, ko akwai gyambo ko tabon da ba ya kankaruwa, musamman idan kana shan sigari ko tauna taba, to ka je likita ya duba bakin da idonsa.