Jan Fenti a Katanga: Wa Ke da Ikon Karɓar Fili Don Titi, Kuma Me Ake Biya?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: aikin titi, tasha ko layin dogo da ya biyo ta kan gida ko gona. Mun zaɓi huɗu, mun cire sunaye da garuruwa. Amsoshin a kan dokar Najeriya suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasu ma'aikata sun zo unguwarmu da na'urar awo, suka shafa wa katangar gidana jan fenti, suka ce hukumar kula da hanyoyi ta jiha za ta faɗaɗa titi. Ina da takardar C of O. Shin hukumar tana da ikon karɓe min gida? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gwamnati tana da wannan iko, kuma C of O, wato takardar shaidar izinin riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, ba ta hana shi. Sai dai ikon a hannun Gwamna yake. Hukumar hanyoyi ko Ma'aikatar Ayyuka nema take yi a karɓo mata.

Tushen maganar ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta fara aiki ranar 29 ga Maris na shekarar. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Abin da kake riƙe da shi izinin zama da amfani ne. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, don Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 a kan wannan turba take. Sashe na 28 kuma ya ba Gwamna damar soke izinin idan buƙatar jama'a ta rinjaya, titi da layin dogo suna ciki. Ko aikin na Tarayya ne, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda ya ratsa Kano da Jigawa da Katsina, Shugaban Ƙasa ne ke sanar da buƙata, Gwamnan kowace jiha ya soke izinin waɗanda aikin ya shafa a jiharsa.

Yanzu ga inda ya kamata ka sa ido. Jan fenti alamar masu safiyo ce kawai, ba ta soke komai. Doka ta ce sokewa sai da takarda mai sa hannun jami'in da Gwamna ya ba izini, kuma a isar da ita ga mai wurin. Sashe na 44 ya jera hanyoyin isarwa: a miƙa maka hannu da hannu, ko a ajiye a gidan da aka san kana zaune, ko a aiko ta gidan waya da rajista. Sai in an bincika an kasa gano mai wurin ne ake ba wanda aka samu a ciki, ko a manna ta a inda kowa zai gani. Haƙƙinka yana faɗuwa ne ranar da takardar ta iso ka, ko ranar da aka rubuta a ciki idan ta fi nisa. Kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da wannan sanarwa ba. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991. Cigiya a rediyo ko a jarida ba ta maye gurbin takardar ga wanda aka san sunansa da inda yake.

Don haka kada ka tsaya musu da masu fenti, ba su da ta cewa. Je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo, ko hukumar rajistar filaye ta jiharku (irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna), ka nemi ganin takardar sokewa da taswirar aikin, ka san mita nawa za a ci daga gidanka. Wani lokacin katanga da shago kawai abin ke shafa, mutum ya yi ta fargabar rasa gida gaba ɗaya.

Abu ɗaya zai iya kwance maka lissafi: idan ginin ya shiga haramin hanya tun asali. A manyan hanyoyin Tarayya ana barin mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Jihohi suna da nasu ma'aunin gwargwadon girman titi. Abin da aka gina a cikin wannan tazara bayan an ayyana ta, gwamnati kan ɗauke shi a matsayin cin iyaka, ta rushe ba diyya.

Tambaya: An ƙiyasta gidanmu, kuɗin da aka rubuta ko fili ba zai saya ba a unguwar. Yaya ake wannan lissafi, kuma ina za mu kai kuka? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, abin da ya ba ki mamaki a cikin dokar yake. Tunda ƙasa amana ce a hannun Gwamna, sashe na 29 bai tanadi biyan darajar fili a kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar, da darajarsa a ranar sokewa. Kashi uku ne. A kan ƙasar kanta, ana mayar da kuɗin hayar ƙasa da aka biya gwamnati a shekarar, in an biya, wanda yawanci bai taka kara ya karya ba. A kan gini, ana lissafa abin da za a kashe a sake gina irinsa, sannan a cire tsufa, a ƙara ruwa bisa ma'aunin banki idan biyan ya yi jinkiri. A kan shuka kuma, jami'in gwamnati ne ke yanke farashi bisa jadawalin da aka tsara.

Ga misali, ba farashin kowane gari ba: a ce gina irin gidanku yau zai ci naira miliyan 20, mai ƙiyasi ya ce tsufa ya ci kashi 25 cikin ɗari. Miliyan 15 za a rubuta. Ko da filin kaɗai ana tayinsa miliyan 30 a unguwar, wannan ba ya shiga. Asarar ciniki ga mai shago da kuɗin kwashe kaya ma dokar ba ta ambace su ba. A ganinmu wannan shi ne babban gibin dokar, domin iyalin da suka yi shekara arba'in a tsakiyar gari kan ƙare a bayan gari, nesa da kasuwa da makarantar yara. Gyaranta kuwa yana da wuya, saboda sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗaure ta, sai an bi doguwar hanya irin ta gyaran kundin kansa.

Duk da haka, yawancin asarar da ake yi a ranar ƙidaya ake yin ta. Masu ƙiyasi kan zo da sauri, mai gida yana kasuwa, a auna daga waje a wuce. Abin da bai shiga takarda ranar ba, da wuya ya shiga daga baya. Ku tabbata akwai babba a gida, a auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, a rubuta irin gini (bulo ne ko ƙasa), irin rufi, silin, tayil, tagogi da ƙofofi. Abubuwan da aka fi mantawa su ne rijiya, burtsatse da injinsa, shadda da ramin ruwan wanka, katanga da get, daɓen tsakar gida, tankin ruwa da wayoyin lantarki. A gona a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya: mangwaro, ɗorawa, kuka, tsamiya, kaɗanya, giginya, a kuma rubuta wanda ya fara 'ya'ya, don farashinsa ya fi na ƙaramin dashe. Ku ɗauki hotuna da bidiyo, ku karɓi kwafin takardar ƙidaya ko lambar da aka ba gidan. Kada a sa hannu ko dangwale a takardar da ba a cike ba.

Idan akwai hali, ku ɗauki naku ƙwararren mai ƙiyasin kadarori mai rajista ya yi rahoto kafin katafila ta iso. 'Yan unguwa kan haɗa kai su ɗauki mutum ɗaya. A nan a yi hattara da takardar wakilci: a rubuta kason da zai ɗauka ƙarara, kuma kuɗin kowa ya faɗa asusun bankinsa kai tsaye.

Ƙorafi a kan yawan kuɗi, sashe na 30 ya ce a kai shi gaban Kwamitin Amfani da Rabon Ƙasa na jiha. A rubuce za a kai, a haɗa da rahoton mai ƙiyasinku, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Dokar ta so ta rufe ƙofar kotu a kan wannan batu a sashe na 47, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna a 1986, ta ce hakan ya ci karo da tsarin mulki. Sashe na 44 na kundin yanzu ya wajabta biyan diyya ba da ɓata lokaci ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu a kan yawanta. Ga lauya da wuri, don akwai wa'adin shigar da ƙara, wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su.

Ki kuma tambaya ko da kuɗin Bankin Duniya ake aikin. Idan haka ne, ƙa'idar bankin ta fi sauƙi: cikakken kuɗin sake gini ba cire tsufa, taimako ga waɗanda ba su da takarda, kuma a biya kafin a tashi mutum. Amma akwai ranar rufe ƙidaya, duk abin da aka gina bayanta ba ya cikin lissafi. Masu kafa tubali da daddare don jin labarin diyya, a nan suke asarar siminti.

Tambaya: Gidan gado ne, awon igiya, ba mu da C of O, kuma akwai 'yan haya a ciki. Wa za a biya?

Amsa: Rashin C of O ba ya hana diyya kai tsaye. Wanda yake riƙe da wuri tun kafin 1978, sashe na 34 da na 36 sun ɗauke shi kamar an ba shi izini, magadansa kuma suna bin bayansa. Wanda ya saya daga baya da takardar ciniki da shaidar mai unguwa ko dagaci, matsayinsa ya fi rauni, don doka ta ce sayar da fili sai da amincewar Gwamna ko ƙaramar hukuma. A aikace akan ƙirga ginin da ke wurin, don haka ku tattara duk abin da ke nuna daɗewarku: takardar ciniki, rasiɗin haraji, takardun wuta da ruwa, da shaidar masu unguwa.

Rigimar da ta fi yawa a cikin gida take. Sunan wanda aka samu ranar ƙidaya shi ake rubutawa, kuɗi su faɗa asusunsa, zumunci ya lalace. Ku je kotun da ke raba gado ta fitar da sunayen magada da kason kowa, ku naɗa wakili a rubuce, ku kai wa masu biya kafin a rufe jerin sunaye. Ɗan haya ba shi da rabo a ginin mai gida, amma abin da ya gina da kuɗinsa, kamar rumfa ko shago, a rubuta da sunansa, domin dokar ta ambaci mai izini da mazauni duka.

Idan aka yi muku tayin wani matsuguni maimakon kuɗi, ku karanta sashe na 33 kafin ku amsa. Karɓarsa yana rufe maganar diyya, kuma idan sabon wurin ya fi tsohon daraja, ana iya ɗaukar rarar a matsayin bashi a kanku.

Tambaya: Shekaru da dama da suka wuce an karɓi gonar mahaifinmu don gina tashar mota. Ba a gina ba, yanzu muna ganin ana yanka ta fuloti-fuloti. Za mu iya karɓo ta?

Amsa: Malam, a raba abu biyu. Zaman fili ba a yi komai a kansa ba, shi kaɗai ba ya mayar da shi hannunku. Bayan sokewa, Gwamna kan ware filin ga hukumar da ta nema, kuma hukumar da dokar kafa ta ta ba ta damar mallaka da riƙe kadara tana iya riƙe shi da sunanta. Dokar 1978 ba ta yanka wa'adin da dole a fara aiki ba. Akwai ma hikima a karɓi hanya da wuri kafin gine-gine su cika ta, musamman tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shimfiɗa nasu layin dogo. Wanda ya koma ya yi gini a irin wannan wuri, kuɗinsa ya zuba a rijiya.

Karkatar da filin zuwa amfanin wani mutum, wannan magana ce daban. Tun a 1974, a shari'ar Ereku da Gwamnan Soja na Jihar Tsakiyar Yamma, Kotun Ƙoli ta rushe karɓar filin da aka yi da sunan jama'a aka ba wani kamfani mai zaman kansa haya. Amma kada ku ɗauka nasara a hannu take. Ma'anar amfanin jama'a a sashe na 51 tana da faɗi: ta haɗa da tsara sabbin unguwanni, da bunƙasa masana'antu, da kamfanin da gwamnati ke da hannun jari a ciki, har da filin da ke maƙwabtaka da sabon titi wanda darajarsa za ta tashi saboda aikin. Lauyan gwamnati a nan zai fake.

Abin da zai yanke hukunci takardu ne guda uku. Ta farko, sanarwar sokewa: wane dalili aka rubuta a ciki, kuma an isar da ita ga mahaifinku? Ta biyu, takardar biyan diyya: ya karɓa, ya sa hannu? Ta uku, fayil ɗin filin a ofishin rajista, wanda zai nuna wa aka ba fulotan, yaushe, kuma da wane izini. Lauya zai iya neman binciken fayil a hukumance ya karɓi kwafi mai hatimi. Idan an fara haƙa harsashi, ya nemi Babbar Kotun Jiha ta dakatar da aiki tun kafin gini ya tashi, kuma a sa sunayen waɗanda aka ba fulotan a cikin ƙarar tare da gwamnati.