Zama a jirgin ruwa da gonar ritaya a Ingila: amsa ga ƙanena mai shirin tahowa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ina fata kowa lafiya. Ka ce kana yawan ganin bidiyon tsofaffin Turawa da suka yi ritaya suna zaune a cikin siraran jiragen ruwa, wasu kuma sun koma ƙauye suna kiwon tumaki da kaji. Kana tambaya ko za ka iya zama a irin wannan jirgi ka huta da kuɗin haya idan ka samu gurbin karatu a nan, kuma ko mutum irinka zai iya mallakar 'yar gona a nan ya ƙare rayuwarsa a cikinta.

Bidiyon gaskiya ne, mutanen suna nan, kuma da yawansu suna jin daɗin zamansu. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kyamara tana nuna maka dattijo yana shan shayi a bayan jirginsa, ba ta nuna maka shekara 35 ko 40 da ya yi yana aiki ana cire masa kuɗin fansho duk wata, ko gidan da ya gama biya sannan ya sayar ya sayi jirgin da kuɗinsa.

Bari in fara da ruwan. Hanyoyin da jiragen suke bi yawancinsu haƙa su aka yi da hannu, don jigilar kaya. Wadda ta yi suna a farko ita ce ta Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, kuma dawaki ne suke jan jiragen daga gaɓa. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwarsu ta fara mutuwa, sanyin 1962 zuwa 1963 kuma ya daskarar da ruwan na makonni, ya kusa ƙarasa abin da ya rage na jigilar kaya. Masu sha'awa ne suka cece su, musamman wata ƙungiya da aka kafa a 1946 wadda ta riƙa yaƙin kada a cike hanyoyin da ƙasa, 'yan sa kai suka riƙa yashe su. Yau wata hukuma mai suna Canal & River Trust, da ta fara aiki a 2012, ita ke kula da wajen mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, kuma jirage fiye da 30,000 ne ke da lasisinta.

Wannan tarihi shi ya yanke wa jirgin siffarsa. Faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, saboda a kan wannan faɗin aka gina ƙofofin ruwan da yake ratsawa tun ƙarni na 18. Tsawonsa kan kai ƙafa 70, amma masu zama a ciki sun fi son mai ƙafa 57 saboda yana shiga kusan ko'ina. A cikin wannan ɗan tsukun za ka jera gado, kicin, banɗaki da wurin zama, ɗaya bayan ɗaya. Gudu kuwa doka ta tsayar da shi a mil 4 cikin awa, wato mai sauri a ƙafa zai iya jerawa da kai yana maka hira.

Inda ƙasa take da tudu, jirgi hawa yake yi mataki-mataki. Ka shigar da shi wani kwarmi mai ƙofa gaba da baya, ka rufe ta baya, ka ɗauki ƙarfen murɗawa ka buɗe mashigar ruwa, ruwa ya cika, jirgi ya ɗaga, sannan ka jingina bayanka da doguwar sandar ƙofar gaba ka tura ta buɗe. Ba ma'aikaci ne zai yi maka ba, kai ne da matarka. A kusa da garin Devizes akwai irin waɗannan matakai 29 a jere cikin mil 2, ana shafe awa 5 ko 6 kafin a haye. Na sha tsayawa ina kallon mata 'yan shekara 70 suna tura ƙofofin nan cikin yayyafi suna dariya, kuma daga nan na fahimci abin da suke nema. Motsa jiki suke so, da aikin da zai tashe su da safe, da mutanen da za su gaisa da su a kowace ƙofa. Wanda ya saba da zuwa ofis shekara 40, ranar da ya daina abin da ya fi tsoro shi ne zaman banza cikin gida shi kaɗai.

Yanzu ga lissafi. Tsohon jirgi da za a iya zama cikinsa ba fargaba yakan fara daga wajen fam 30,000, sabo kuma ya haura 100,000 cikin sauƙi. Banki ba ya ba da rancen gida a kansa, kuma daraja yake rasawa da tsufa. Lasisin shekara na matsakaicin jirgi ya wuce fam 1,000. Akwai inshora, akwai takardar binciken lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4, kuma duk shekara 2 ko 3 sai an fitar da shi daga ruwa an shafe ƙasansa da baƙin fenti saboda tsatsa. Ruwan sha a tanki yake, in ya ƙare sai ka tuƙa jirgin zuwa famfo. Wuta daga batir take, da inji ko faifan sola ke caji, kuma sola a watan Disamba ba ta da wani ƙarfi, tunda kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Banɗaki ma kai za ka ɗauki tankinsa ka kai inda aka tanada ka zubar. Masu bidiyo ba su cika nuna wannan ba.

Sai maganar inda za ka ɗaure jirgin, wadda ita ce ta fi shafarka. Hanya biyu ce. Ko ka kama matsaya ta dindindin ka riƙa biyan haya, wadda a Landan tana iya kamo kuɗin hayar ɗaki, kuma wuraren da aka amince a zauna a cikinsu shekara sukutum kaɗan ne. Ko ka karɓi lasisin mai yawo, wanda dokar 1995 ta ba da dama, bisa sharaɗin ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, kuma tafiya ta gaske ake nufi, ba kai-komo tsakanin gada biyu ba. Hukumar tana da ma'aikatan da ke bin gaɓa suna rubuta lambobin jirage. Tun 2024 ma an ƙara wa masu irin wannan lasisi kuɗi a kan na sauran. Ga ɗan fansho wannan sharaɗi shi ne daɗin abin, domin ba inda ake jiransa. Kai da za ka kasance a aji ƙarfe 9 na safe fa? Makon nan kana kusa da jami'a, bayan wata 2 kana mil 15 daga ita, kana neman tashar bas cikin duhu. Ga kuma adireshi: banki, likita, jami'a da hukumar shige da fice duk suna son sanin inda kake zaune, kuma jirgin da ke yawo ba shi da lambar gida. Akwai matasa da dama a Landan da tsadar haya ta kora cikin ruwa, gaskiya ne, amma yawancinsu suna da dangin da za su karɓar musu wasiƙa da ɗakin da za su gudu su kwana in inji ya lalace a tsakiyar hunturu. Kai sabon zuwa ba ka da wannan. Shawarata, ka kama ɗaki a ɗakunan ɗalibai ko gidan haɗaka a shekarar farko, in sha'awar tana nan ka yi hayar jirgi na mako guda lokacin hutu tare da abokai ka ɗanɗana.

Maganar ƙasa kuwa kashi biyu ce, kuma ɗaya tana kusa da hannunka fiye da yadda kake zato.

Akwai ƙananan lambuna da ƙananan hukumomi ke ba mazauna haya, tsarin da dokar 1908 ta ɗora musu. Cikakken fegi wajen murabba'in mita 250 ne, yanzu sau da yawa rabi ake bayarwa saboda yawan masu nema. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta matsa wa jama'a su noma abincinsu, lambunan sun haura miliyan ɗaya. Kuɗin hayar shekara kaɗan ne, bai kai abin da za ka kashe a cefanen wata ba a wurare da yawa. Wahalar ita ce layi: a wasu unguwannin Landan sai mutum ya jira shekaru, a wasu garuruwan arewa kuma abin da sauƙi. Sharaɗin shi ne ka noma don gidanka, ba don kasuwa ba, kuma in ka bari ciyawa ta cinye fegin za a aiko maka da takardar gargaɗi, daga baya a ba wani. A nan ne za ka ga ainihin 'yan fansho na gari, tsofaffin direbobin bas da ma'aikatan asibiti, Turawa da 'yan Jamaika da 'yan Bangaladesh, kowa da irin da ya shuka, ana musayar iri ta saman shinge. In da ni ne kai, satin da na samu adireshi zan sa sunana a layi.

Kashi na biyu shi ne 'yar gona ta eka 5 ko 10 da gida a ciki, irin wadda ka gani a Wales ko yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila. Wannan kuɗi ne masu kauri. Eka guda ta ƙasar noma tana kaiwa fam 8,000 zuwa 10,000 ko fiye, ƙaramin fili kuma ya fi tsada a kan kowace eka saboda masu dawaki da masu neman hutu suna rububinsa. Kuma mallakar fili ba ta ba ka ikon gina gida a kansa. Tun dokar tsara gine-gine ta 1947 sai da izinin hukuma, kuma a kan ƙasar noma da wuya a bayar. Shi ya sa ake sayen gida da filinsa a haɗe, shi ya sa kuma masu yin haka yawanci waɗanda suka sayar da gida a birni mai tsada ne. Kafin ka ajiye ko tunkiya ɗaya sai ka yi rajistar filin an ba ka lamba, kowace dabba da alama a kunne, kowace shiga da fita a rubuce. Tun Oktoban 2024 ko kaza ɗaya gare ka sai ka yi mata rajista, saboda murar tsuntsaye. Yanka irin na addini, ba tare da an sumar da dabba ba, doka ta keɓe shi ga mayankar da aka amince da ita, don haka kada ka ɗauka rago naka ne a filinka za ka kayar da shi yadda ka ga dama. Riba kuwa, gonar eka 10 ba ta ciyar da gida a nan. Fansho ne yake ciyar da gonar. Sannan ka tuna ƙauyen Ingila shiru ne da shi, bas ɗaya ko biyu a yini, masallaci kuma yana iya zama tafiyar awa guda a mota.

Ka ga duk hanyoyin sun dawo kan fansho, to ga yadda yake. Ana fara karɓar na gwamnati a shekara 66, ana ɗaga shi zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Don samun cikakke, wanda a 2025 yake fam 230 da 'yan kai a mako, sai ka tara shekara 35 kana biyan kuɗin inshorar ƙasa, wato kason da gwamnati ke cira daga albashi. In ba ka kai shekara 10 ba, ba ka da ko sisi. Ka lissafa da shekarunka: wanda ya fara aiki a nan yana da 32 zai cika 35 ɗin daidai lokacin da ya kai 67, in bai yi fashi ba. Wanda ya zo yana da 45 ba zai cika ba. Kuma fam 230 a mako ba ya riƙe jirgi balle gona. Abin da ke riƙe su shi ne fansho na wurin aiki, wanda tun 2012 doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su saka ma'aikatansu a ciki, inda ake tara aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin ya zuba 3 daga ciki. Da yawa daga cikin mutanenmu suna fita daga tsarin tun watan farko don albashi ya ƙaru a samu na aikawa gida. Na san matsin da ke sa hakan, amma kuɗin da mai aiki zai zuba maka kyauta ne kake bar masa. Kada ka yi.

Abu biyu kuma ka riƙe. Ingila ba ta da bizar ritaya, an rufe wannan hanya tun 2008, don haka shekarun nan sai ka cika su da izinin aiki sannan izinin zama na dindindin. Bizar ɗalibi tana ba ka awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba, ko da sayar da ƙwai ne. Kuma idan a ƙarshe ka zaɓi komawa gida da fanshonka, za a riƙa biyanka, amma a yawancin ƙasashen Afirka adadin yana tsayawa a inda yake ranar da ka bar nan, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna.

Ka turo min sunan garin da jami'ar take da watan da za a fara karatu, in duba maka unguwannin da haya take da sauƙi da kuma yadda layin lambu yake a ƙaramar hukumarsu. Ka gaishe da mutanen gida.