Tambaya da Amsa: Sanyin Chamonix da Tarihinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Faransa, kuma makarantarmu za ta kai mu Chamonix, garin da ke gindin dutsen Mont Blanc, a watan Fabrairu. Wayata tana nuna sanyin garin bai wuce digiri 2 ƙasa da sifiri ba, amma ana ta ce mana mu yi shirin sanyi mai tsanani. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kama maganar masu ce maka ka shirya. Abin da wayarka ke nunawa na cikin gari ne, shi kuwa garin yana ƙasan kwari, a tudun mita 1,035 daga teku. Wuraren da ake kai baƙi suna can sama. A bisa ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Motar igiya da ke hawa dutsen Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, tana ɗaga mutum kusan mita 2,800 cikin minti 20 ko makamancin haka. Ke nan idan gari yana digiri 2 ƙasa da sifiri, can sama ana wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Ga kuma iska. A sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, idan iska na gudun kilomita 40 a awa, abin da fata ke ji ya kai 27 ƙasa da sifiri.

Lissafin yakan juye wani lokaci. A daren da gari ya yi tsit, babu gajimare babu iska, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a ƙasan kwari saboda nauyinta. Da safe sai ka tarar gari ya daskare, alhali a mita 2,000 rana ta fito ana cire riga. Akwai kuma iskar da ake kira fon, mai tsallako duwatsu daga ɓangaren Italiya. Tana saukowa a bushe da ɗumi, ta narkar da dusar ƙanƙarar ƙasa cikin awanni, a sama kuma ta yi ƙarfin da za a rufe motocin igiya. Saboda haka ka riƙa duba hasashen kan dutse na Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, wanda ke ba da sanyi da gudun iska tudu-tudu.

Tufafi hawa uku ne: ta jiki mai tsotse gumi, ta ulu a tsakiya, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Kada ka sa auduga a jikin fata. Tana shan gumi ta riƙe, da zarar ka tsaya sai ta yi sanyi ƙarara. Safa ɗaya mai kauri ta fi biyu da suka matse ƙafa, domin matsi yana hana jini gudu, daga nan yatsu ke soma daskarewa. Tabarau mai duhu sosai da man kare fata dole ne, saboda farar ƙanƙara tana maido da hasken rana cikin ido. A sama ka yi tafiya a hankali. Iskar shaƙa ta ragu, kuma idan ciwon kai ko jiri ya kama ka, maganinsa sauka.

Tambaya: Malam, gaskiya ne dusar ƙanƙara na iya zaftarowa ta binne mutane har a gidajensu? Ɗana yana aiki a yankin, hankalina ba ya kwance.

Amsa: Hajiya, ya taɓa faruwa. A ranar 9 ga Fabrairu 1999, bayan kwanaki ana zubar ƙanƙara mai yawa, zaftarewa ta faɗa wa ƙauyen Montroc da ke saman kwarin, mutum 12 suka rasu. Amma mafi yawan waɗanda abin ke rutsawa da su a yau masu barin hanyoyin zamiya ne da aka gyara ake kuma gadinsu. Haɗarin ya fi yawa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan sabon zubi, ko inda iska ta tara ƙanƙara ta yi ɓawo mai tauri a kan wadda ba ta kama ba. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage ɓawon. Kullum ana sanar da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma mataki na 3 shi ne mai ruɗi, don mutane suna ɗaukarsa tsaka-tsaki su fita. Ki gaya wa ɗanki kada ya bar hanya sai da ƙwararren jagora, da na'urar gano wanda aka binne, da sandar lalube, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa. Bayan nan damar tana faɗuwa da sauri. Lambar gaggawa 112 ce.

Tambaya: Yaya aka yi ƙauye a lungun duwatsu ya zama wurin da duniya ke tururuwa?

Amsa: An soma ambaton wurin a takardu wajen 1091, lokacin da aka ba wa sufayen Kirista kwarin. Ƙarnoni da dama mazauna makiyaya ne da masu ɗan noma, kuma tsoron duwatsun suke yi. A 1741 wasu Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka je suka ga kogin ƙanƙarar nan da ake kira Mer de Glace, labarinsu kuma ya bazu a Turai. A 1760 masanin Geneva, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa tukuici ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc, mai tsayin sama da mita 4,800. Sai ranar 8 ga Agusta 1786 'yan garin biyu, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, suka kai ƙololuwa. A 1821 aka kafa ƙungiyar jagororin Chamonix, wadda har yau tana aiki.

Duk wannan harkar lokacin zafi ce. Yankin Savoie, inda Chamonix yake, ya shiga Faransa a 1860, jirgin ƙasa ya iso a 1901, daga nan ne baƙin hunturu suka samu hanya. A 1924 aka yi a garin gasar da aka amince ita ce Olamfik ta hunturu ta farko, daga 25 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu. Motar igiyar Aiguille du Midi ta fara aiki a 1955, ramin da ya ratsa ƙarƙashin Mont Blanc zuwa Italiya, mai kilomita 11.6, aka buɗe shi a 1965. Abin damuwa a yau shi ne Mer de Glace kanta: ɗumamar yanayi ta cinye ta har sai da mai son taka ta ya riƙa sauka matakala sama da 500, kafin a gina sabuwar motar igiya da ke kaiwa kusa da ita.

Tambaya: Zan iya zuwa da motar haya daga Geneva a watan Disamba?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Sai dai doka a Haute-Savoie, gundumar da Chamonix ke ciki, ta wajabta tayoyin hunturu, ko sarƙar taya a cikin mota, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Ka tabbatar da wannan kafin ka karɓi makulli, ka kuma gwada ɗaura sarƙar a busasshen wuri tun da rana. Ana ɗaura ta a tayoyin da ke jan motar, kuma kada ka wuce kilomita 50 a awa da ita.