Ango, tsakanin Fuji da Ricoh ɗin nan

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ango, na ga tambayarka tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa ban tanka ba, kuma maganar ba ta rubutu ba ce, gara in yi ta da baki. Ka ce yayanka zai dawo daga Ingila kafin ƙaramar sallah, za ka tura masa kuɗi ya sayo maka kyamara, kana tsakanin Fujifilm X100VI da Ricoh GR IIIx, wacce ta fi. To ni yadda na ji tambayar nan, ai ka riga ka zaɓa. Fuji kake so. Ka gan ta a TikTok, mai ruwan azurfar nan, kamar irin ta masu hoton da, ta shiga ranka, yanzu so kake mu sa maka albarka. Ba laifi, za mu sa. Amma ka bari in faɗa maka abin da za ka tarar.

Da farko ma, ka san duk biyun ba su da zum ko? Ina tambaya ne don na ga wani a nan ya ce maka "ka saya ka ɗauko mana Hawan Daushe." Malam, da wace? Ido ɗaya ne a jikin kowacce, ba ya cirewa, ba ya jawo nesa kusa. Na Fuji milimita 23 ne, wanda a lissafin masu hoto yake daidai da 35. Na Ricoh daidai da 28... a'a, tsaya, na haɗa su. GR III ce mai 28, wadda ta fito a 2019. Taka mai x ɗin, ta 2021, daidai da 40 ce. To 35 da 40, tazarar ba ta wuce taku ɗaya ba. Idan ka tsaya a Ƙofar Kudu cikin jama'a ka ɗaga ɗayansu, dokin zai fito maka ɗan mitsitsi, rabin hoton keyar mutane. In kana son fuskar mahayi da rawaninsa sai ka shiga har inda kofato zai same ka, kuma dogarai ba za su bar ka ba. Eh, Fuji tana da megafiksal 40, Ricoh 24, za ka iya yanko tsakiyar hoton ya yi kamar ka jawo, kuma a nan Fuji ta fi ba ka wuri. Amma yanka daban, zum daban. Wannan a ajiye shi gefe.

Kyan hoto kuma, kada kowa ya ruɗe ka. Girman sensarsu, wato farantin da ke kama hoton a ciki, ɗaya ne, irin wadda ake sa wa manyan kyamarori, ta ninka ta wayarka sau da yawa. Hoton da za ka tura a WhatsApp, shi kuma ya matse shi ya shanye rabin kyansa, wallahi ko ni da na tsufa a sana'ar nan ba zan rantse in ce wannan na 40 ne wancan na 24 ba. Idon Ricoh ma kaifi gare shi kamar aska. Don haka duk wanda ya kawo maka maganar megafiksal, ka ce masa ka ji.

Inda suka rabu shi ne aljihu. Ka ɗauki ledar fiya-wata guda ɗaya ka riƙe a hannu, to nauyin Fuji ke nan har da ɗoriya, giram 521 da batir a ciki. Ricoh rabin haka ce, giram 262, kaɗan ta ɗara babbar waya. Ricoh za ka jefa ta a aljihun gefe na kaftani ka tafi masallacin Juma'a, ba wanda ya san kana ɗauke da komai. Fuji in ka sa ta a aljihu sai ta ja rigar gefe guda kana tafiya kamar mai ciwon kwankwaso. Ta wuya ce, ratayawa ake yi. Kuma da zarar ka rataya ta ka zama mai hoto. Ka shiga kasuwa yara su biyo ka, "a ɗauke mu, a ɗauke mu", dattijo ya juya fuska, mai tebur ya tambaye ka daga wane gidan jarida. Ricoh baƙa ce, ba ado, wanda ya gan ta zai ɗauka tsohuwar kyamarar da aka manta a durowa ce. Ka danna, kafin daƙiƙa guda ta farka. Tana da wani saiti da za ka ce mata ta tsaya a mita 2, shi ke nan, ba sauran neman fokas, kana dannawa ta ɗauka. Masu yawon ɗaukar hoto a titi don wannan suke mutuwa a kanta. Ni kaina, in don son zuciya ne, ita nake so. Na faɗa.

To amma ƙura. Hmm. Ango, ƙura.

Bari in ba ku labari, wasunku sun sha ji, ku yi haƙuri ku sake ji. Shekarun baya na taɓa sayen wata 'yar ƙaramar kyamara mai tsada, ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba ce, kuma ba zan kira sunan kamfanin ba. Irin wadda in ka kunna idon ya fito, in ka kashe ya koma. Ka san zugazugin maƙeri? To haka abin yake. Duk fitowa da komawa iska yake ja, kuma iskarmu ta hunturu kun san abin da ke cikinta, wadda za ka share mota da asuba kafin walaha yara sun rubuta suna a gilashi. Ga zaren aljihu kuma. Na yi wata uku ina jin daɗinta. Sai ranar ɗaurin auren ɗiyar wani aminina, ya ce kada in zo da manyan kaya, in zo a matsayin baƙo, in ɗan ɗauka kawai. Rana tsaka, kowa cikin farar shadda. In haske ya yi yawa kyamara tsuke ƙofar ido take yi, kuma a lokacin ne duk wani datti da ke kan sensa yake bayyana. Na dawo gida na buɗe a kwamfuta, sai ga ɗigo. Baƙi-baƙi, a wuri ɗaya, a kowane hoto. A hoton waliyyi ya sauka daidai ƙirjin babbar riga, kamar miyar kuka ta ɗiga masa. A na liman yana kan rawani. Uban amarya kuwa a kafaɗa. Hoto sama da 200, na kwana uku ina gogewa ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja.

Kuma da babbar kyamara ce, ai ba komai ba ne, ka cire idon ka hura da 'yar robar nan, minti biyu an gama. Wannan ba ya cirewa, sai an warware ta gaba ɗaya. Na kai wa wani mai gyara, aka ce min ba kamarsa a garin. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce "Alhaji jibi ka dawo." Jibin nan sai da ta yi wata huɗu. Yau ya tafi ta'aziyya, gobe yaron shago ya tafi da makulli, gata an ɗauke wuta. Ranar da na karɓo, ɗigo ɗaya ya zama uku, ƙusa ɗaya babu, murfin batir an ɗaure min da salatif. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, har yana ce min wai in gode Allah da ta kunnu. In gode Allah! Ni da na kawo ta tana kunnuwa! Har yau in na bi ta layin nan sai na ji raina ya ɓaci, ya ɗago min hannu in yi kamar ina waya. Allah dai ya yafe mana. Salatif fa, jama'a.

Ina nake ma? Yauwa. Abin da ya sa na kawo wannan, ita Ricoh idonta irin mai fita da komawar ne, ba a toshe ta don ƙura ko ruwa ba, kuma masu ita a ƙasashen da ba su san hunturu ba ma suna kukan ƙura a sensa. Gaskiya kamfanin ya sa mata abin da ke girgiza sensa ya kakkaɓe datti, yana taimakawa, kuma akwai waɗanda suka shekara da shekaru ba su ga komai ba. Akwai kuma wani zobe da ake ɗaura mata a sa gilashin kariya a gaba, amma da ka ɗaura shi ta daina shiga aljihu, to me ya rage? Fuji kuma, ka saurara da kyau a nan, don masu talla ba sa ƙarasa maganar: yadda take fitowa daga kwali ba a gama toshe ta ba. Sai ka sayi zoben AR-X100 da filta, wato gilashin kariya, mai milimita 49 ka ɗaura a gaban idon, sannan ta zama mai jure ƙura da yayyafi. Daban ake sayar da su. In yayanka ya dawo ba su, ka yi ta neman su a nan sai ka gaji.

Sai rana. Ricoh ba ta da 'yar tagar nan da ake kanga ido a leƙa, sikirin ne kawai, kuma ba ya ɗagawa. Ka fita da ita filin idi ƙarfe 10 na safe, fuskarka kawai za ka riƙa gani a gilashin, kana ɗauka da tawakkali. Fuji tana da tagar, iri biyu ma a haɗe, ta gilashi zalla da ta lantarki, da ɗan maɓalli a gaba kake sauyawa. Sikirin ɗinta kuma yana ɗagowa, in za ka ɗauki yaro yana rarrafe ba sai ka kwanta a ƙasa ba. Ga filasha a jikinta, Ricoh babu. Kai da za ka riƙa ɗaukar iyali a tsakar gida bayan magariba, ko wajen kamu da aka kunna fitila biyu ɗaya na kyaftawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idonta ma ya ninka na Ricoh shan haske, f/2 ne, waccan f/2.8. Duk biyun suna da abin da ke rage rawar hannu, a wannan ba wadda za ta yi wa wata gori, sai dai in wuri ya yi duhu Ricoh takan tsaya laluben fokas, yaro kuma ba ya jira.

Batir kuwa kowacce da nata ciwon. Ricoh hoto wajen 200 ta ce ga garinku. Fuji ta fi ta, tana wuce 300, amma ita ma ba abin yabo ba ce. Sa'ar dai duka ana cajinsu da waya irin ta USB-C, fawa bank ɗinka zai yi. Bidiyo kuma... kai, bar maganar bidiyo. Ricoh ko 4K ba ta yi, Fuji tana yi har ta wuce, amma in bidiyo ne a ranka ka riƙe wayarka, ka huta.

Kalar nan da ta ruɗe ka kuma gaskiya ce, ba ƙarya ba. Mu da muka yi zamanin kai fim wanki mun san koren kwalin Fuji. Kalolin finafinan nan na da su suka zuba a ciki, guda 20, ka zaɓi ɗaya hoton ya fito a gyare ba sai ka zauna gaban kwamfuta ba. Sai dai ka kula, wasu saitin da ake yaɗawa a intanet a kan farar fata aka gwada su, in ka ɗora wa fatarmu sai mutum ya fito toka-toka kamar bai shafa mai ba. Ka gwada a kan amarya tukuna, in ta harare ka ka canja.

Kuɗi. Fuji ta fito a Fabrairun 2024 a kan dala 1,599. Ricoh lokacin da ta fito wajen dala 1,000 ce. Ka buga da canjin yau ka ga inda kake. Kuma tun wadda ta gabaci Fujin nan, X100V, da 'yan TikTok suka yi mata caa a 2022, samun Fuji ya zama kamar layin mai, wannan ma da ta fito mutane sun yi watanni suna jira, 'yan kayi-nayi suna ɗora riba a kai. Ka gaya wa yayanka, shago zai shiga ya karɓi rasit, kada ya saya a hannun wani da ƙari. In an ce babu, a jira. Au, na manta, Ricoh sun fitar da GR IV a 2025, amma mai faɗin 28 ce, ba ita ka tambaya ba, kuma in za ka ɗauki fuska kusa-kusa 28 tana ƙara wa mutum hanci.

Don haka kai dai, da kake zaune a garin nan, ga rana ga ƙura, ga shi iyali za ka fi ɗauka, ɗauki Fujinka. Ni da na ce Ricoh nake so, ai ni ina da wasu a gida in ta yi ɗigo, kai kuwa ita ke nan maka. Ka rubuta masa yanzu kada ka manta: zobe, filta 49, batir NP-W126S guda ɗaya na ƙari, na ainihi, da memori mai kyau. Kuma don Allah in ta iso kada ka goge gilashin da bakin riga, na san halinka. Wanda ya ce a ɗauko masa Hawan Daushe kuma ya zo shago in ara masa mai dogon ido, amma ya zo da mai tsaya masa. An kira la'asar, bari in tashi.